Daga Saƙar Ulu Zuwa Masaƙa

Da zarar hunturu ya ƙarato, matan da suka iya saƙar ulu ba su da hutu: hular jariri, safa, rigar sanyi, shawul. Amma duk wadda ta daɗe a harkar ta san cewa da zafi ya shigo a watan Maris ciniki ya tsaya, sai leda cike da ragowar ulu launi-launi, wanda bai isa riga ba, kuma ya fi ƙarfin zubarwa. Irin wannan mace ce ya kamata ta waiwayi masaƙa.

Sai dai ta sani tun farko, hannun da ya ƙware a can ɗan koyo ne a nan. Saƙar ulu zare ɗaya ce, madauki cikin madauki, shi ya sa rigar sanyi take miƙewa ta bi jiki, kuma in an yi kuskure sai a ja zaren a warware. A masaƙa kuwa zare kashi biyu ne. Akwai na tsaye, waɗanda ake ɗaurewa tamau, sai na kwance da ke ratsa su, ya hau wannan ya bi ta ƙarƙashin wancan. Abin da ke fitowa ba ya miƙewa, don haka ya dace da majanyi, gwado, mayafi, jaka da shimfiɗar tebur, kayan da ake nema rani da damina.

Inda sababbin shiga suka fi karaya shi ne wadari, wato jera zaren tsaye. Mai saƙar ulu ta saba ta ɗauki ƙwallon zare ta fara nan take, tana hira tana aiki, in ta ga dama ta sauya shawara a tsakiya. Masaƙa ba ta yarda da haka. Tsawon zanen, faɗinsa, yawan zarensa da launin ratsinsa na tsaye, duk a wadari ake yanke su, kafin a jefa ƙoshiya mai ɗauke da zaren kwance ko sau ɗaya. Zare guda in ya yi sako-sako, za a ga tabonsa daga farkon zanen har ƙarshe. Dole kuma a yi wa tsawon ƙari, domin zaren tsaye yana lanƙwashewa yayin da na kwance ke ratsa shi, wajen kashi 10 cikin 100 kan tafi a haka, ga wanda ake asara wurin ɗauri. A ganina wadda ba za ta iya ba wadari yini guda ba tare da ƙosawa ba, gara ta zauna a kan kwarashinta, ba abin kunya ba ne.

To ragowar ulun fa? A yi na kwance da shi. Kada a yi wadari da shi tun ana koyo, saboda yana miƙewa, gogayya kuma tana cinye shi har ya tsinke. Zaren auduga mai kyakkyawar murɗa shi ne na tsaye. Wani kuskuren da hannun saƙar ulu ke jawowa shi ne jan zare da ƙarfi a ƙarshen kowane layi, sai gefen zanen ya riƙa shigewa ciki, a fara da faɗi a ƙare da tsuke. Maganinsa a ajiye zaren kwance a ɗan karkace, a bar masa sarari, sannan a danna shi da matsefi a hankali.

Batun kayan aiki bai kai a tayar da hankali ba. Kafinta zai haɗa katako huɗu, misali santimita 40 da 50, ya jera ƙananan ƙusoshi sama da ƙasa. Da wannan, da matajin kai mai manyan haƙora, an samu masaƙar koyo.

In hannu ya faɗa, ba sai an yi odar masaƙar tebur daga Turai ba, don sana'ar ta gidanmu ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a kasuwancin garin shi ne tufafin auduga da ake saƙawa a rina, a kai su har Tambutu da Tarabulus. Maza suna saƙa a zaune, ƙafa na sarrafa andirar da ke buɗa zaren tsaye, wadari ya miƙe can nesa an danne shi da dutse, suna fitar da ƙyalle siriri kamar faɗin tafin hannu, a ɗinke su su zama fari, saƙi ko luru. Na turkuɗin Kura, wanda Buzaye ke naɗawa, ya ma fi haka sirantaka nesa ba kusa ba. Mata kuwa tasu masaƙar a tsaye take, a jingine da bango a cikin gida, tana ba da zane mai faɗi a tashi ɗaya. Irinta ce matan Bida, Okene da Akwete suka yi suna da ita, kuma ita ce ta fi dacewa da matar aure mai ɗaki ɗaya, tunda ba ta cin wuri.

Masu wannan ilimi galibi sun manyanta, yadin kanti ya rage musu kasuwa. Wadda ke so ta tambaya a unguwa ko a ƙauyensu, ta je da goronta da zarenta, ta roƙi a fara nuna mata wadari.