Zaɓen Ingarma Don Baye, Da Abin Da Dukushi Ke Gada

Yau zancenmu na dawaki ne. Na san wani zai ce, ina ruwan ma'aikacin lafiya da barga? To, ka yi haƙuri ka ji. Kwanan baya aka kawo mana wani yaro ɗakin shan magani, doki ya cije shi a kafaɗa har sai da aka yi ɗinki. Muna cikin wanke ciwon sai mahaifin yaron ya ce, "Haka uban dokin nan yake, shi ma ya ciji mutum biyu." Na ce, "To, Malam, da ka san haka, don me ka kai masa goɗiyarka?" Ya ce ai kyakkyawa ne, ran hawan salla a Ƙofar Soro kowa shi yake kallo. Watau ya zaɓi abin da ido ya gani, sauran abin da ke cikin jinin dokin kuwa ya biyo shi har gida.

Mu Katsinawa ba baƙin doki ba ne. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mai son sukuwa ne ƙwarai, a zamaninsa kuma wasan ƙwallon doki ya kafu a birnin nan. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya gaje shi har zuwa 1981, ya kai daraja ta 7 a ma'aunin 'yan wasan, ma'aunin da iyakarsa 10 ne. Janar Hassan Usman Katsina shi ma ɗan wasa ne. Har yanzu masu hali suna kawo dawaki daga Cadi da Sudan, har da Ajantina, don wasa da tsere. Amma kai mutumin ƙauye mai goɗiya ɗaya, ba ka da kuɗin ɓata. In ka biya kuɗin baye, za ka jira wata 11 kafin ta haihu, kāna ka yi shekara uku ko huɗu kana zuba harawa da dawa da kanwa kafin a ɗora wa dukushin sirdi sosai. Kuskuren rana ɗaya shekara biyar za ka yi kana ciyar da shi.

Bari mu fara da yadda gado yake tafiya. Jikin doki, kamar naka, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Cikin kowace ƙwaya akwai waɗansu zare-zare, a jikinsu ne aka jera ƙwayoyin gado, masu faɗin launi da tsawo da siffa. Doki yana da zare 64. Dukushi yakan karɓi 32 daga uba, 32 daga uwa, ba daɗi ba ragi. Jaki 62 gare shi, shi ya sa alfadari, ɗan jaki da goɗiya, ya tashi da 63, ba su rabuwa biyu daidai, don haka galibi ba ya haihuwa.

Ka lura da wannan da kyau, gama a nan mutanenmu suka fi yin kuskure. Da yake a ƙasar Hausa namiji ake hawa, goɗiya tana can ɗaure a bayan gari, sai ka ji ana cewa doki ɗan wane ne, ba a ko ambaton uwarsa. Alhali rabin gadonsa nata ne, kuma tana da ƙari. A 1938 waɗansu masana biyu a Ingila, Walton da Hammond, suka haɗa irin manyan dawakin jan kaya da irin waɗansu ƙananan kuru. Suka ga in uwar ce babba, ɗan yakan fito babba. In uwar ce ƙarama, ɗan yakan fito ƙarami nesa ba kusa ba, ko da yake gadon iri ɗaya ne. Cikinta ne ya raine shi, nononta ya sha, a gindinta kuma ya fara koyon tsoron mutum ko sabo da shi. Saboda haka kada ka kai raunanniyar goɗiya wurin ingarman sarki ka zaci za ka sami dokin sarki. Abu guda ne uba ke yankewa shi kaɗai, watau ko ɗan namiji ne ko mace. Haka yake ga ɗan Adam ma, don haka mai fushi da matarsa wai 'ya'ya mata take haifa masa, ya sake tunani.

To, ƙwayoyin gadon nan biyu-biyu suke, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata mai rinjaye ce, da ta shiga sai ta nuna kanta. Wata kuwa mai ɓuya ce, ba ta fitowa fili sai ta gamu da irinta. Wani malamin kirista mai suna Mendel shi ya gano wannan da gwajin wani irin wake, ya buga a 1866. A launi za ka fi ganinsa. Akwai dokin da ake haifa baƙi ko ja, sa'an nan ya dinga yin furfura, ya zama hurde, daga baya ya yi fari fat. Wannan furfura mai rinjaye ce: duk dokin da ke da ita, lalle ɗaya cikin iyayensa yana da ita. In dillali ya nuna maka irin wannan doki ya ce uwarsa da ubansa duka akawal ne, ka san akwai zance. Ka kuma ɗaga wutsiyar irinsu ka duba, gama in sun tsufa da yawansu sukan yi baƙaƙen ƙulli a wurin. Jan doki mai jar geza da jar wutsiya kuwa, nasa launin mai ɓuya ne. Ja da ja ba su haifar kome sai ja, amma baƙi da baƙi suna iya haifar ja, in kowannensu yana ɗauke da shi a ɓoye.

Da launi ne kaɗai ke ɓuya da da sauƙi. Cuta ma tana ɓuya. A cikin dawakin Larabawa akwai wata wadda ake haifar dukushi ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan, ƙaramin mura sai ya kashe shi, ba ya kai wata 6. Uwar lafiya lau, uban lafiya lau, amma kowannensu yana ɗauke da ƙwaya guda. In an haɗa irinsu, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na fitowa da cutar. Daidai haka amosanin jini yake a cikinmu, wanda kuke kira sikila. Mutum mai AS ba ya ciwo, yana noma yana dambe. In ya auri mace mai AS, kowane ciki rabo ɗaya ne cikin huɗu yaron ya zo da SS. Ba wai in an haifi mai ciwo ɗaya sauran uku sun tsira ba, a'a, kowane ciki lissafinsa sabo ne. Ba maita ba ce, ba kuwa laifin uwa kaɗai ba. Ɗigon jini kaɗan ya isa a gwada kafin a sa rana.

Mu koma barga. Akwai darasi a labarin wani ingarma na Amurka mai suna Impressive, wanda aka haifa a 1969. Tsokar jikinsa ta ba kowa sha'awa, aka yi ta kai masa goɗiyoyi har zuriyarsa ta kai dubbai. Sai a 1992 aka bayyana cewa daga gare shi ne wata cuta ta bazu, mai sa doki makyarkyata, ya faɗi, wani lokaci ya mutu. Tasa mai rinjaye ce, ƙwaya guda ta isa. Goɗiya ɗa guda take haifa a shekara, ingarma kuwa yana iya ba da gommai, don haka aibinsa ya fi saurin cika gari.

In za ka zaɓa, abu na fari shi ne ka nemi ganin 'ya'yansa. Wannan ya fi duk abin da mai shi zai gaya maka. Ka ga uku ko huɗu daga goɗiyoyi dabam-dabam, waɗanda aka riga aka fara hawa. In duka ƙafafunsu a miƙe suke, suna da sauƙin kai, to uban yana ba da abin kirki. Ka tambayi labarin uwarsa da ubansa kuma. Bayan haka ka je da safe, ka sa a kwance shi daga turke, a cire jalala da sirdi, gama ado yana rufe aibi da yawa. Ka tsaya gabansa a jawo shi zuwa gare ka, sa'an nan ka koma bayansa. Ƙafa ta tafi sak, kada gwiwa ta karkace, kada kofato ya riƙa bugun ɗan'uwansa. Ka duba kofaton, mai faɗi ne mai ƙwari, ko mai tsagewa. Ka buɗe bakinsa: in haƙoran sama sun zarce na ƙasa ba su haɗuwa, kiwo zai yi masa wuya, kuma ana gadon wannan. Ka tabbata 'ya'yan marainansa biyu duka sun sauko, don wanda ɗaya ya maƙale a ciki yakan bar wa 'ya'yansa. Sa'an nan a yi sukuwa da shi ka saurari numfashinsa. In yana fito ko gurnani sa'ad da yake jan iska, maƙogwaronsa ba lafiya, ka bar shi.

Ka san kuma aikin da kake nufi. A 2010 masana a ƙasar Ailan suka nuna wata ƙwayar gado mai sarrafa tsoka: wani nau'inta na gudun gajeren zango ne, wani na dogon zango. Dokin ƙwallo ba gudu kaɗai ake so gare shi ba, ana so ya tsaya cak, ya juya nan take, kada ya firgita da sanda ko cunkoso. Hali rabi gado ne, rabi reno. Amma doki mai cizo da harbi da tutsu, ko ya yi kyau kamar me, ni ba na ba da shawarar a kai masa goɗiya a gidan da yara ke kai ruwa barga. Ka kuma nemi wanda zai gyara aibin goɗiyarka. In bayanta ya cika tsawo, kada ka haɗa ta da mai dogon baya. Kada ka mayar da ita ga ubanta ko ɗan'uwanta don gudun biyan kuɗi, gama dangi na kusa su suka fi ɗaukar ɓoyayyar cuta iri ɗaya.

Akwai abubuwan da ba a gado, kada su tsorata ka: tabon sirdi, karaya, idon da ƙaya ta tsone, ko ramar yunwa. Horon da aka yi wa uba shi ma ba ya bin jini, kowane dukushi daga farko za a koya masa. Zancen da ake yi wai goɗiya takan haifo mai kama da dokin da ya fara hawanta shekarun baya, wannan ba shi da tushe.

Saura abu ɗaya, wanda ba gado ba ne amma a wurin baye ake ɗaukarsa. Akwai wata cuta 'yar'uwar sammore, sai dai ita ba ƙudan tsando ke kawo ta ba, daga ingarma take wucewa zuwa goɗiya, ko daga goɗiya zuwa ingarma. Alamarta kumburi a gaba, da ruwa mai fita, da taswira masu tashi a fata, daga baya rama da shanyewar ƙafafun baya. In ka ga kumburi ko miki a wurin, ko majina mai kauri a hanci, ko ƙuraje masu ruwa jere a ƙafa, ka ja goɗiyarka ka koma gida, ka sanar da likitan dabbobi. Kada ka taɓa irin wannan miki da hannu, gama waɗansu cututtukan doki suna kama mutum; in ka taɓa, ka wanke da sabulu nan da nan. In kuwa kome lafiya aka yi baye, ka sa a rubuta maka ranar da sunan ingarman a takarda, ka ajiye, ka ƙirga wata 11 daga nan.