Raya Tsofaffin Allunan Talla a Zangon Akara

Duk wanda ya bi babban titin Nima ranar Laraba, ranar da kasuwa ke ci, idan ya ɗaga kai zai ga ledar talla da inji ke bugawa ta mamaye goshin shaguna. Amma a lungunan da suka gangara zuwa babban kwatamin da ke tsakanin Nima da Mamobi, har yanzu ana cin karo da allunan da hannu ya zana, na mai aski da kawuna jere kowanne da irin nasa gyaran, na tela, na makarantar Islamiyya mai suna da Larabci da boko. Unguwar Nima da ake danganta kafuwarta ga Malam Amadu Futa wajen 1931, galibin tarihinta a bakin dattawa yake, saboda haka kowane allo hujja ne a kan wanda ya zauna da sana'ar da ya riƙe.

Ba ƙaramin fanni ba ne zanen allon talla a Gana. Kwame Akoto ya buɗe shagonsa na zane a Kumasi a 1972, sunansa ya kai Turai. Hotunan tallar finafinai kuwa, waɗanda aka riƙa zanawa a kan buhunan fulawa daga shekarun 1980 zuwa na 1990, yau masu tara kayan tarihi ne ke rububinsu.

Abokan gabar allo a Akara sanannu ne: gishirin iskar teku da ke gaggauta tsatsa, laimar damina da ke ɗaye katako falle-falle, rana mai kashe jan launi, sai gara. Amma a ganina babu wanda ya kai mai kyakkyawar niyya ɓarna, wato wanda zai ɗauko gwangwanin fenti ya bi kan haruffan ya sabunta su, yana zaton alheri ya yi. Mai gyaran allo matsayinsa ɗaya da malamin da ya gaji littafin magabata: ba ya kankare matani don ya kyautata lafazi, iyakarsa ya ɗinke abin da ya yage, in gyara ya zama wajibi ya sa shi inda mai karatu zai gane ba na mawallafi ba ne. Wannan ƙa'ida ce masana adana kayan tarihi suka tabbatar a yarjejeniyar birnin Venice ta 1964, cewa gyara ya tsaya inda yaƙini ya ƙare.

Sharaɗi na farko shi ne a ɗauki hoton allon gaba da baya kafin a taɓa shi. Daga nan a kaɗe ƙura da buroshi mai laushi, sannan a naɗa auduga a tsinke, a jiƙa ta da ruwa mai ɗan sabulu marar kaifi, a gwada a wata kusurwa da ido bai cika kaiwa ba. In audugar ta fito da dauɗa kaɗai a ci gaba, taƙi bayan taƙi, in kuwa ta ɗebo launi a dakata nan take. Kananzir da fetur ba su da gurbi a aikin nan. Inda fenti ya tashi kamar zai zube, sai a zura masa wani ƙaro da ake kira Paraloid B-72 da bakin siririn buroshi, a danne a hankali har ya kama. Falalarsa ita ce ba ya saurin rawaya, kuma na baya zai iya narkar da shi in ya sami dabarar da ta fi.

Allunan ƙarfe na kamfanonin zamanin Turawa, masu rufin gilas da aka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 800, launinsu ba ya koɗewa, illa dai inda rufin ya ɓalle nan tsatsa ke shiga ta yi ta ci ta ƙarƙashi. A goge wannan gurbi kaɗai, a shafa sinadarin tanin don ya kwantar da tsatsar, a rufe da kakin zuma ko makamancinsa. Katakon da ƙwari suka shiga kuwa, a ƙulle shi a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda. Wajibi ne kuma a kiyaye goge tsohon fenti da samfefa, domin sau da yawa akwai dalma a cikinsa, ƙurarta kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, ga shi a zango tsakar gida ita ce wurin aiki, ita ce wurin wasa.

Saura mas'alar mai shago, wanda haƙƙinsa ne allonsa ya jawo masa ciniki, ba ya zauna a dusashe don masana su ji daɗi ba. Mafita tana kusa, tunda Nima ba ta rasa masu zane ba, ga matasan ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art da suka ƙawata bangayen unguwa: a ba ɗayansu ya kwafi allon a sabon katako, ya sa sunansa da shekara a baya, a rataya kwafin a waje, asalin kuwa a shigar da shi ciki, nesa da ƙasa, inda rana da ambaliya ba sa kaiwa.