Me Ya Sa Ɗan Jarida Yake Tambayar Mai Makoki "Yaya Kake Ji?"

A watan Afrilu na 2022 kwalekwale ya kife a kogin Shagari, maƙwabtanmu, mutum 29 daga Gidan Magana suka rasa rayukansu. A watan Mayu na 2023 kuma yara 15 daga Dandeji suka nutse a kan hanyarsu ta zuwa samo itace. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a irin wannan rana, ko a garin da ambaliya ta cinye, ya san abin da ke biyo baya. Kafin hawaye su bushe baƙi sun iso da na'urar ɗaukar magana, suna tambayar uwar da ta rasa ɗa, "Yaya kike ji?" 'Yan'uwa da yawa a Tambuwal da Kebbe sun sha yi mini ƙorafi a kan wannan. Suna cewa, shin mutumin nan ba shi da ido ne?

Yana da ido, kuma ya san amsar. Ba labari yake nema da tambayar ba, murya yake nema. A aikin jarida ba a yarda wakili ya ce da bakinsa "matar nan tana cikin baƙin ciki" ba, sai ita ta faɗa, masu sauraro su ji. Rahoton da za a saka a Rima Radio ko sashen Hausa na BBC sau da yawa ba ya wuce minti biyu ko uku, kuma rabon wanda abin ya shafa a ciki 'yan daƙiƙoƙi ne. Idan ya tambaya "Gidanki ya rushe?" za ta ce "I", kuma edita ba shi da abin yi da "I". Saboda haka yakan jefa tambayar da za ta sa mutum ya yi magana mai ɗan tsawo, ko da ta yi kama da ta wauta.

Mu ma muna da tambayar da muka san amsarta. Idan muka je ta'aziyya mukan ce, "Ya haƙuri?" Amma wannan tambaya ba ta neman kome daga mai makoki. An riga an tanadar masa amsa, ya ce "Da godiya", mu zauna shiru tare da shi. Tambayar ɗan jarida kuwa tana so ya buɗe mikin a gaban mutanen da bai taɓa gani ba. Nan ne zafin yake, kuma a ganina mutanenmu suna da gaskiya idan suka ji haushi.

Akwai kuma gaggawa. Wakilin ya taso daga Sakkwato, wani lokaci a cikin ayarin manyan gwamnati, kuma idan ayari ya juya dole ya bi shi. Ƙila ɗan birni ne, bai taɓa shuka shinkafa a fadama ba, shi ya sa zai tambayi manomi me ya hana shi tashi daga bakin ruwa, alhali bakin ruwan ne abincinsa. Wannan rashin sani ne kawai, ba sai na kare shi ba. Su kansu 'yan jaridar Nijeriya suna da ƙa'idojin aiki da suka amince da su a Ilori a 1998, waɗanda suka ce a tunkari mai baƙin ciki da tausayi da hankali. Wanda ya cusa wa mai kuka na'ura a baki ya saɓa wa dokar gidansu ne.

To, mu kore su ke nan? A'a. A ambaliyar Satumba 2010, da ruwa ya mamaye ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar Goronyo har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta bakin 'yan jarida ne sauran ƙasa ta ji. Ƙauyen da ba a ji sunansa a rediyo ba yakan jira agaji fiye da wanda aka ji.

Abin da nake roƙon ikilisiyoyinmu shi ne mu san haƙƙinmu. Ba dole ba ne ka amsa. Kana iya cewa "ba yanzu ba", ko ka hana a ɗauki hoton gawa ko na yaranka, kuma wannan ba zai rage maka rabon agaji ba. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci, domin na taɓa ganin mata sun yi layi suna ba wani wakili sunayensu, suna tsammani rajistar kayan agaji ce. Littafin ɗan jarida dabam, takardar jami'an SEMA ko NEMA dabam. Tambayi mai rubuta sunanka daga ina yake, kuma don me.

Zai fi kyau kowace ikilisiya, tare da mai gari, ta ware mutum ɗaya ko biyu masu natsuwa da za su tarbi irin waɗannan baƙi, a bar masu makoki su huta. Idan an tambaye shi yadda yake ji, ya amsa a taƙaice, sa'an nan ya faɗi abin da ake bukata a ji: sunan ƙauye da gunduma, gida nawa suka faɗi, rumbu nawa ruwa ya ci, ko rijiya ta gurɓace, ta wace hanya mota za ta iya shigowa. Kada ya ƙara gishiri a lissafi. Jami'ai za su zo su ƙirga da kansu, kuma idan gida 40 da aka faɗa a rediyo suka zama 12 a ƙasa, da wuya a sake gaskata ƙauyen a damina mai zuwa.