Ilmin Inabi a Jami'a da Rabon Ɗalibin Kaduna a Cikinsa

A ƙasashen Turai da Amurka da Afirka ta Kudu akwai jami'o'in da suka keɓe sashe sukutum domin inabi kaɗai, watau nomansa, da matse shi, da cinikin abin da aka matse. Ɗalibi yakan yi shekara uku ko huɗu a irin wannan sashe, ya fito da digiri, ya kama aiki a gona ko masana'anta ko kamfanin fatauci. Abin da akasari ake horar da shi a kai shi ne giyar inabi. Ga ɗan Musulmin da ya tashi a Hayin Banki hukuncin wannan sana'a a bayyane yake, domin haramcin giya bai tsaya ga mai sha ba, ya haɗa da mai matsawa da mai dako da mai sayarwa. To, amma ilmin da ake koyarwa a can ya fi giya faɗi nesa ba kusa ba, kuma wani yanki babba nasa ya shafi abin da ake saukewa a bakin Kawo daga hanyar Zariya.

Masifa ce ta kai wannan ilmi jami'a. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Faransa daga Amurka, ya dinga cin saiwar inabi, gonaki suna bushewa ba a san dalili ba. Wani masanin tsirrai na Jami'ar Montpellier, Jules-Émile Planchon, yana cikin waɗanda suka gano ƙwaron a 1868. Maganin da aka samu daga baya shi ne aurar da reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, kamar dai yadda masu lambu a nan ke aurar da mangwaro. Ba a gama da wannan ba sai ga wata cutar ganye mai kama da fumfuna, wadda Alexis Millardet na Bordeaux ya samo wa magani a 1885, haɗin farar ƙasa da gishirin jan ƙarfe, wanda har yau ana fesawa. Tun daga nan hukumomi suka gane cewa gado da sabo kaɗai ba su isa su tsare arzikin manomi ba. Majalisar jihar Kalifoniya ta umarci jami'arta da ta fara koyar da ilmin inabi a 1880, aikin da ya koma garin Davis a 1935. Jami'ar Stellenbosch ta naɗa Abraham Perold farfesanta na farko a wannan fanni a 1917.

Karatun yakan kasu uku. Akwai na gona: ƙasa, ban ruwa, sassabe, cututtuka. Akwai na ɗakin gwaje-gwaje: kemistiri da ilmin ƙananan halittu. Akwai kuma na kasuwa: lissafin kuɗi, dokokin ciniki, ajiya da sufuri.

Kashi na biyu ne ya kamata a daɗe a kansa, domin a nan ne halal da haram suke rabuwa. Nunannen inabi yana ɗauke da sukari wajen kashi 20 cikin 100 na ruwansa. A jikin ɓawonsa da cikin iska akwai yis, wata halitta da ido ba ya gani. Da an matse ruwan aka bar shi a ɗumi, sai yis ya hau cin sukarin, yana mai da kusan rabinsa barasa, sauran kuwa ya fice a kumfa. In aka ƙara barinsa a buɗe, wasu ƙwayoyin dabam su mai da barasar ruwan tsami. Louis Pasteur ne ya fayyace wannan a shekarun 1850 da 1860, ya kuma nuna cewa in aka ɗumama ruwan zuwa wajen digiri 55 ko 60 aka toshe kwalbar, ƙwayoyin sun mutu ke nan. Abin lura shi ne, a 1869 wani likitan haƙori a jihar New Jersey, Thomas Welch, wanda ya tsani giya saboda addininsa, ya ɗauki wannan dabara ya dafa ruwan inabi tun kafin yis ya fara aiki. Ruwan ya zauna da zaƙinsa bai juya ba, kuma kamfanin da ya fito daga wannan gwaji yana nan da sunan Welch's. Ashe ilmin da ke yin giya shi ne kuma ke hana ta samuwa.

Duk macen da ke ƙulla zoɓo ko kunun zaƙi a Hayin Banki ta san wannan matsala ko da ba ta san sunanta ba. In aka ɗauke wuta da dare, kashegari gorar roba ta kumbura, abin ciki ya yi tsami, jari ya tafi. Yis ɗin nan ne da 'yan'uwansa. Wanda ya karanci yadda ake auna tsami da zaƙi, da yadda ake tsabtace kwalba da dafa abin sha, zai iya mai da kayan kwana ɗaya na watanni, sa'an nan ne hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, za ta iya ba shi lamba ya shiga manyan kantuna.

Inabin kansa ma yanzu ba baƙo ba ne a jihar Kaduna. Manoman ƙaramar hukumar Kudan, wadda hedkwatarta ke Hunkuyi, arewa da Zariya, sun shahara da nomansa. Sai dai inabi a ƙasa mai zafi yana da nasa hali. A Turai sanyi ne ke sa itacen barci, ya farka ya yi fure sau ɗaya a shekara. A nan ba ya barci, don haka almakashin manomi ne ke tsara masa lokaci: dole a sassabe shi yadda 'ya'yan za su nuna cikin rani, domin damina ita ce lokacin cutar ganyen da Millardet ya yi fama da ita. Manoman Nashik a Indiya da na kwarin kogin São Francisco a Birazil sun ƙware a wannan lissafi, Indiya har ta kafa cibiyar binciken inabi ta ƙasa a Pune a 1997. Littattafansu sun fi na Faransa amfani ga mutumin Hunkuyi.

Ɗalibin Kaduna zai tsinci wannan ilmi a warwatse, shi zai harhaɗa. Ɓangaren gona yana Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, karatun shekara biyar, kusa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Ɓangaren sarrafawa yana sashen fasahar abinci na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, shekara biyu ta ƙaramar difloma, biyu ta babba. Duka biyun suna bukatar kemistiri tun daga sakandare, wanda yara da yawa ke gudu tun kafin su san amfaninsa. Samaru ta taɓa nuna abin da bincike ke iya yi wa masana'anta: da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawar SK 5912 da aka inganta a can tana cikin waɗanda kamfanonin abin sha suka koma wa.

Abin da ya rage wa mai digiri da ma'aikacin ma'aikatar gona shi ne tsakanin gona da kasuwa. Inabi ɗanye ba ya jure zafi, kuma gonaki sukan nuna kusan lokaci guda, sai farashi ya faɗi, dillali ya saya yadda ya ga dama, alhali na Afirka ta Kudu yana zaune cikin firji a kantunan Abuja da tsadarsa. Hanyoyin tsira uku ne, ɗakin sanyi da dafaffen ruwan kwalba da zabibi. Na ƙarshen ya fi araha, domin ba ya bukatar lantarki sai rumfa mai tsabta da busasshiyar iska, wadda Arewa ba ta rasa ba daga hunturu zuwa bazara. Wajen kilo huɗu na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na zabibi, sai dai yana son iri marar ƙwallo, irin wanda ake kira Thompson Seedless, kuma wannan shawara ce da ake yankewa tun ranar dasa itace.