Jijiyar midiyan: hanyoyin jininta da muhimmancinsu a asibiti

Jijiyar midiyan, wadda ake kira nervus medianus da Latin, ɗaya ce daga cikin manyan jijiyoyin saƙo uku da ke kaiwa har hannun ɗan Adam. Ita ke ɗauko jin taɓawa da zafi da sanyi daga babban yatsa, manuniya, yatsan tsakiya da rabin yatsa na huɗu ta ɓangaren tafi, ita kuma ke motsa yawancin tsokokin da ke lanƙwasa wuyan hannu da yatsu. Tana rayuwa ne da jinin da wasu siraran hanyoyi ke kai mata, kuma da dama daga cikin cututtukan da ke kama ta suna farawa ne daga tauyewar wannan jini.

Suna

A Hausa kalmar "jijiya" tana ɗaukar abubuwa uku da ilimin likitanci ya bambanta: mai ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, mai ɗaukar jini, da mai haɗa tsoka da ƙashi. Wannan kan rikita ɗalibi a batu irin wannan, inda ake maganar jijiyoyin da ke ciyar da wata jijiya. A wannan maƙala "jijiyar saƙo" ita ce ta farko, "jijiyar jini" ta biyu, "agara" kuma ta uku. Kalmar midiyan tana nufin "ta tsakiya".

Hanyar da take bi

Tana fitowa daga reshe biyu na tarin jijiyoyin saƙo da ke sauka daga lakar wuya zuwa hammata. A dantse tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da babbar jijiyar jinin hannu, mai suna birakiyal, har zuwa lungun gwiwar hannu. Daga nan sai ta ratsa tsakanin tsokokin sangalin hannu, ta shiga tafi ta wata ƙuntatacciyar mashiga a wuyan hannu, wadda take rabawa da agara guda 9. Ƙasusuwa ne suka kewaye mashigar ta gefe uku, a samanta kuma akwai kakkauran tantani marar ba da kai.

Inda take samun jini

A dantse ƙananan rassan birakiyal ne ke ciyar da ita. A sangalin hannu tana samun jini daga wata siririyar jijiyar jini da ke manne da ita, wadda ita ma ake kira midiyan, da kuma rassan manyan jijiyoyin jini biyu na wurin, radiyal da alna. A tafi kuwa bakan jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata ne ke ba ta. Sydney Sunderland na ƙasar Ostireliya ya bayyana wannan tsari a jijiyoyin hannu a 1945, M. J. Blunt kuma ya yi nazari na musamman a kan midiyan a 1959.

Hanyoyin suna shiga jijiyar ne jefi-jefi, kuma a nannaɗe suke, don kada su tsinke idan ta zame yayin lanƙwasa hannu. Da sun shiga sai su rarrabu sama da ƙasa, su haɗe da juna su zama raga a tsawonta. Saboda haka likitan tiyata kan iya ɗaga wani yanki na jijiyar daga mazauninsa ba tare da ya mutu ba. Sai dai ragar tana da rauni guda: ƙananan hanyoyin suna huda rigar da ta lulluɓe zaruruwan jijiyar ne a karkace, don haka idan ciki ya kumbura sai kumburin ya matse su ya rufe. Ƙarancin jini na kawo kumburi, kumburi na ƙara rage jini.

Jijiyar jinin midiyan mai ɗorewa

A farkon halittar ɗan tayi, jijiyar jinin midiyan ce babbar mai kai jini hannu. Wajen mako na 8 na ciki takan ƙanƙance bayan radiyal da alna sun karɓi aikin. A wasu mutane ba ta ƙanƙancewa, takan ratsa mashigar wuyan hannu da kaurinta. Wani nazari da Teghan Lucas da abokan aikinta suka wallafa a 2020 ya nuna cewa ana samun haka a kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka haifa a tsakiyar shekarun 1880, amma a ƙarshen ƙarni na 20 ya kai kusan kashi 30. Yawanci ba ta damun mai ita. Amma idan jini ya daskare a cikinta takan danne jijiyar saƙon farat ɗaya, kuma likitan da bai san da ita ba zai iya yankarta yayin aiki. Hoton sikanin yana nuna ta.

Matsi a wuyan hannu

Wannan shi ne ciwon da aka fi sanin jijiyar da shi. Mai shi kan ji yatsu uku da rabi sun sage, ko kamar ana tsira masa allura, musamman da dare, har sai ya tashi ya yarfe hannun. A 1981 Richard Gelberman ya auna matsin cikin mashigar, da irin ma'aunin da ake auna hawan jini: matsakaicinsa 2.5 a masu lafiya, 32 a masu ciwon. A wannan shekarar Rydevik da Lundborg na Suwidin suka nuna a jikin zomaye cewa matsin 20 zuwa 30 ya isa ya rage fitar jini daga jijiyar saƙo, na 60 zuwa 80 kuma ya tsayar da shi ɗungurungum. Ana yawan ganin ciwon ga masu juna biyu, masu ciwon suga, da masu aikin da ake maimaita damƙa da ƙarfi. Ana fara magani da takalmin da ke miƙar da wuyan hannu da dare; idan bai yi ba, a tsaga tantanin da ya rufe mashigar. Idan aka bari har tsokar gindin babban yatsa ta zube, ba lallai ta dawo ba.

Karayar gwiwar hannu da ɗori

A nan batun ya fi shafar yankunan karkara irin su Goronyo, Wurno da Rabah a gabashin jihar Sakkwato. Karayar ƙashin dantse daf da gwiwar hannu ita ce aka fi samu a gwiwar hannun yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 8, idan yaro ya faɗo daga bishiya, jaki ko katanga ya dafa ƙasa da tafi. A daidai wurin birakiyal da midiyan suna kwance a gaban ƙashin, don haka tsinin karayar na iya dannar su ko ya ji musu rauni tare.

Mafi yawan iyaye wurin mai ɗori suke fara zuwa, domin shi ne a kusa, shi aka sani, kuma karaya da yawa na warkewa a hannunsa. Haɗarin yana wajen ɗaure karan ɗori tamau a kan hannun da bai gama kumbura ba. Tsokokin sangali suna cikin wani kube marar buɗewa. Idan kumburi ya taso daga ciki, ɗauri ya tare daga waje, sai jini ya daina shiga. Bayan kimanin awa 6 zuwa 8 tsoka takan fara mutuwar da ba ta gyaruwa, ta rikiɗe ta zama tabo, ta janye yatsu su ƙandare a lanƙwashe. Richard von Volkmann na Jamus ya bayyana wannan nakasa a 1881, kuma tun a lokacin ya ɗora laifin a kan ɗauri mai tsanani. Filastar asibiti ma tana jawo haka idan ta matse. Midiyan ce ta fi shan wahala domin tana bi ta tsakiyar tsokokin da suka fi saurin rasa jini.

Alamun da ke nuna a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti su ne ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ihun yaro idan an miƙar masa da yatsu, sagewar yatsu, ko su yi sanyi su sauya launi. Jin bugun jini a wuyan hannu ba hujja ba ce cewa lafiya lau, domin yakan ci gaba alhali tsoka na mutuwa. Gwaji mai sauƙi shi ne a ce yaro ya haɗa kan babban yatsa da na manuniya su yi da'ira. Idan ya kasa, wani reshen midiyan ya taɓu. Maganin gaggawa shi ne tsaga kuben tsokar a ɗakin tiyata, aikin da akan tura marasa lafiyar yankin dominsa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Wamakko. Awannin da tafiyar ke ci suna cikin lissafin nan na 6 zuwa 8.

Wasu cututtuka

Ƙwayar cutar kuturta tana kumbura jijiyoyin saƙo daga ciki, kumburin ya shaƙe hanyoyin jininsu. A hannu ta fi kama jijiyar saƙo ta alna, sai midiyan a wuyan hannu. Maganin rage kumburi da aka fara da wuri kan ceci aikin yatsu; asibitin Amanawa da ke kusa da Sakkwato ya daɗe yana kula da masu wannan cuta. Ciwon suga kuma yana lalata siraran hanyoyin jinin a hankali, ya sa jijiyar ta kasa jure matsin da ta mai lafiya za ta jure.

Idan wuƙa, lauje ko gilashi ya yanke jijiyar, ba a ɗinke ta a jaye. Gwajin Lundborg da Rydevik na 1973 ya nuna cewa jan jijiyar saƙo da kashi 8 cikin 100 na tsawonta yana rage gudun jini, kashi 15 kuma yana tsayar da shi. Idan giɓin ya yi faɗi, akan ɗauko guntun wata jijiyar saƙo daga ƙwauri a cike shi.