Nahawu ko Adabi: Wanne Ya Kamata Ɗan Damagaram Ya Riƙe a Ajin Ingilishi?

Yaron da aka sa lakwal a Birni ko Zango yakan yi shekara shida yana kokawa da Faransanci kafin mushe ya furta masa kalmar Ingilishi ta farko. Sai a siziyam, ajin farko na kwaleji, ake buɗe masa wannan ƙofa, daga nan kuma zuwa jarrabawar Bak shekara bakwai ce. To a ƴan awoyin da ake ba Ingilishi kowane mako, da me za a fi ɗora masa: ƙa'idojin nahawu da alamomin rubutu, ko karanta littafi da feɗe shi? Tambayar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Masu goyon nahawu ba da wasa suka zo ba. Ɗan Kano daga Hausa yake tsallakawa zuwa Ingilishi kai tsaye. Namu kuwa sai ya biyo ta Faransanci, ya iso da ƙurarsa a ƙafa. Ya saba ajiye sifa bayan suna, Ingilishi ya ce gaba take zama. Ya saba kowane abu namiji ne ko tamace, a Hausa da Faransanci duka, Ingilishi ya ce tebur da ƙofa ba su da jinsi. Ya ga kalmar library ya ɗauka kantin sayar da littattafai ce, don abin da librairie take nufi ke nan a Faransanci, alhali ɗakin karatu ake faɗi.

Alamomin rubutu ma haka. Bafaranshe yana killace maganar mutum da alamomi masu kama da tsinin kibiya, mai Ingilishi kuwa da ƴan waƙafi yake ratayawa a sama. Bafaranshe yana barin fili kafin alamar tambaya, wancan yana manna ta da kalma. Sunan rana da na wata da ƙaramin baƙi suke farawa a Faransanci, da babba a Ingilishi. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta lissafi: 2,500 a rubutun Faransa biyu da rabi ne, a na Ingila dubu biyu da ɗari biyar. Ɗan kasuwar da ke bi ta Matamai da Daura ya sauka Kantin Kwari ya san waƙafi ɗaya a kan rasit na iya cinye ribar tafiya. Irin wannan ba a tsintarsa a labari, sai an tsaya gaban allo an nuna, an maimaita.

Amma na sha ganin ɗalibin da zai rera maka jerin aikatau marasa bin ƙa'ida kamar mai tilawa, ka miƙa masa shafi ɗaya na jarida ya yi zuru. Ya san inda kowace kalma ke zama, bai san abin da ya kawo ta ba. A nan adabi ke shigowa. Mai feɗe labari yana tambayar wa ke magana, me ya ɓoye, me ya sa marubuci ya gajarta wannan jimla ya ja waccan. Abin mamaki, ɗalibanmu na lise sun riga sun iya wannan aiki. Suna yin sa da Faransanci a kan Camara Laye da Mariama Bâ, suna da Sarraounia na Abdoulaye Mamani da ya fito a 1980, da wasan Tanimoune na André Salifou, ɗan garin nan da jami'armu ke ɗauke da sunansa. Wuƙar tana hannunsu, naman ne ba a kawo ajin Ingilishi ba.

Ɗauki Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958, labarin zuwan Turawa ƙasar Inyamurai. Yaron da ya taso yana jin yadda aka kashe Bafaranshe Cazemajou a 1898, da yadda aka gwabza a Tirmini a 1899, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane abin da ke cin Okonkwo, jarumin littafin. Zai so ya ga ƙarshen labarin, son nan kuwa shi zai tura shi buɗe ƙamus, abin da bulala ba ta taɓa yi ba.

Adabin ma yana da nasa lam'a. Littattafan Ingilishi ba su wadata ba, aji ya cika maƙil, sai ka ga an koma haddace taƙaitaccen bayanin littafin da ba a taɓa buɗewa ba. Wannan ya fi haddar nahawu muni, don mai nahawu ko ba komai yana da abin da zai rubuta takarda da shi.

Ni dai malaman zaure nake kallo. Su ba su taɓa raba biyun ba. Almajiri yana fara Ajurumiyya, ya hau Alfiyyar Ibnu Malik, amma a gefe yana karanta Ishiriniya da Maƙamatul Hariri, malam yana tsayar da shi a kan baiti ya ce ya yi li'irabinsa. Ƙa'idar daga cikin waƙar ake zaro ta. Kalmomin nahawu da adabi ma daga wannan zaure muka gaje su.

Hukuncina: a shekara huɗu ta kwaleji nahawu ya ja gaba, amma kada mako ya wuce ba a karanta gajeren labari ba, ko da kwafinsa aka buga a shafi guda. Daga an ci BEPC an shiga lise, adabi ya karɓi linzami, nahawu ya biyo shi da jan biro. Malaman Ingilishi na Damagaram, ku sa wa kowane ɗan lise littafi ɗaya cikakke a hannu kafin ya zauna Bak.