Bindigar Gado: Tsakanin Bangon Ɗaki Da Zauren Maƙeri

A Andarai ta Ƙaramar Hukumar Maiyama, kamar sauran garuruwan ƙasar Jega da Aliero, akwai gidajen mafarauta da ke riƙe da tsohuwar bindigar kaka, an goge ta da mai an rataye. Da can ba a sauko da ita sai don farauta ko bukin salla. Amma tun da rashin tsaro ya addabi wasu sassan Jihar Kebbi, magidanci kan dube ta ya yi tunanin ko maƙeri zai iya juya ta ta ci harsashin zamani.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce, gwamnatocin Turai ne ma suka yi ta da gaske, don tsimin kuɗi. A shekarar 1866 Ingila ta kwashi bindigoginta ƙirar Enfield na 1853, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, ta yi musu ƙofa ta baya, aka kira su Snider. Faransa ta bi sahu a 1874, ta juya Chassepot mai harsashin takarda ya koma cin na ƙarfe irin na Gras. Daga baya kuma aka sake wa Martini-Henry bututu don harsashin .303. Irin waɗannan ne masu tara kayan tarihi a Amurka da Ingila ke nema a yau, suna duban hatimi da shekarar da aka buga a jikin ƙarfen kamar yadda malami ke duban tsohon kundi.

Ƙasar Hausa kuwa ba ta sami rabo mai yawa daga cikinsu ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Sakamakon haka ya bayyana ran 15 ga Maris 1903 a bakin Sakkwato, inda dawaki da masu da kibau suka fuskanci bindigogi masu ruwa. Saboda haka galibin abin da aka gada a nan bindigar toka ce, ƙirar gida ko ta fatake.

To, a nan haɗarin yake. An ƙera bututunta ne don baƙin albarushi, alhali maganin da ke cikin harsashin zamani ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. A Ingila ba a sayar da bindigar da aka juya sai gidan gwaji na London ko na Birmingham ya jarraba ta ya buga hatimi. Zauren maƙeri ba shi da wannan, sai a gwada a kafaɗar mai ita, in ta fashe kuwa yatsu da idanu ne ke biya.

Ga kuma doka. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa bindigar soja mai cin .303 ko 7.62 cikin haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ta farauta mai harsashi tana bukatar lasin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, mai ɗuri ta baki kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da nata. Watau ranar da aka juya bindigar toka, ta fita daga ajinta, lasinta na da bai rufe ta ba.

Wanda ke son ganin makaman da can a adane, Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar Sarkin Kabi, yana ajiye da su.